Hoton Abin da Ido Ya Saba Gani

Wanda duk ya shiga gidajen mutane a Kazaure ko Roni, ko Gwiwa ko Babura, ya roƙi arziki a nuna masa hotunan da iyali suka adana, walau waɗanda aka rataye a bangon ɗaki ko waɗanda ke kwance a gindin akwati tare da takardun gona da na makaranta, zai tarar galibinsu ba su wuce iri kaɗan ba: ango da abokansa, alhaji ranar da ya sauka daga Makka, ɗalibai an jera su a gaban aji da malaminsu a tsakiya, mahaya ranar hawan salla, sai kuma ɗan ƙaramin hoton fasfo da aka ɓamɓaro daga jikin wata tsohuwar takarda. A cikinsu duka mutum ya yi wanka, ya sa tufar da ya fi ji da ita, ya tsaya cak yana duban mai hoto. Amma rijiyar da unguwa ta sha shekara da shekaru, da murhun da aka tuƙa tuwon bikin a kansa, da rumfar maƙerin bakin kasuwa, da tashar mota yadda take kafin a faɗaɗa titi, waɗannan babu wanda ya ga sun cancanci a ɓata fim a kansu, saboda haka suka shuɗe ba su bar sura ba, sai abin da ya saura a bakin dattawa.

Yau kuwa al'amarin ya juya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sa'an nan bayan 'yan shekaru aka sami masu kyamara a farashin da talaka zai iya, irin su Tecno da Itel, ya zamana da wuya ka iske majalisar samari wadda babu kyamarori a aljihunan mazaunanta. Mas'alar da nake so mu yi bahasi a kanta ita ce ta mutumin da hoto ba sana'arsa ba ce, malamin makaranta ne, ko tela, ko ɗalibi, ko ma'aikaciyar asibiti, wanda ya ɗauki ɗabi'ar ɗaukar kayan amfanin yau da kullum da zirga-zirgar gari don sha'awa kurum. Shin abin nan da yake yi yana da wata fa'ida? Shin shari'a da al'ada sun ba shi dama? Kuma waɗanne sharuɗɗa ne za su sa aikinsa ya amfani na baya? Abin da nake gani shi ne wannan mutum mai ba da shaida ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma hukuncin shaida ne ya hau kansa, da darajarta da nauyinta gaba ɗaya.

Asalin hikimar ba baƙuwa ba ce ga malaman Musulunci, gama Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekara ta 1040, ya yi bayani a cikin littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda in ya ratsa 'yar ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu yakan bayyana abin da ke waje a jikin bango, a juye. Abin da ya rage shi ne dabarar kama surar a zaunar da ita, wannan kuwa ba a bayyana ta ga jama'a ba sai a 1839 a birnin Faris, ta hannun Daguerre. Shekaru da dama bayan haka hoto aikin ƙwararru ne masu kaya niƙi-niƙi, har George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak a 1888, wadda ake sayarwa da fim na hoto 100 a cikinta, in ya ƙare a mayar wa kamfani ya wanke, sa'an nan a 1900 ya fito da Brownie a kan dala ɗaya. Daga nan ne aka sami mai ɗaukar hoto don sha'awa. A Nijeriya, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, yana aikin hoto a bakin teku tun shekarun 1890, amma a ƙasar Hausa kyamara ta shigo ne galibi a hannun Turawan mulki da matafiya, daga baya masu hoto suka buɗe shaguna a Sabon Garin Kano da na Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939 ta saba wa mutane da ganin hoto a takarda, majigi kuma ya bi garuruwa yana nuna mai motsi.

Wanda ya riski zamanin fim ya san yadda abin yake. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, a saye shi da kuɗi, a wanke shi da kuɗi, mai kala kuma sau da yawa sai an kai shi Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, ba a san wanda ya fito da wanda ya ƙone ba sai an dawo da ambulan. Tsada ce ta zaɓa wa iyayenmu abin da za su ɗauka, kuma duk mai hankali da aka ba shi dama ashirin da huɗu kacal zai kashe su ne a kan fuskokin da yake ƙauna. Ba abin zargi a nan. Sai dai wannan uzuri ya faɗi a yanzu, tun da hoto na dubu bai fi na farko tsada ba, alhali kuwa ɗabi'ar ba ta canja ba: wayoyinmu cike suke da fuskokinmu da na abokanmu cikin kwalliya, garin da muke zaune a ciki kuwa sai dai ya leƙo ta bayan kafaɗa.

Abin lura shi ne, idan zamani ya yi nisa, abin da aka raina shi ake nema ruwa a jallo. Masu nazarin tarihin Kano har gobe suna komawa ga Barth, Bajamushen da ya sauka birnin a 1851, domin ya damu da abin da mutanen gari ba su ga dalilin rubutawa ba, watau kayan da ake sayarwa a kasuwa da farashinsu da fasalin ɗakunan da ya kwana a ciki. Malam Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ya rubuta da ajami, bisa roƙon wani Bature mai suna Adam Mischlich, bayanin sana'o'i da al'adu da fataucin Hausawan zamaninsa, kuma wannan rubutu ya zama taska. Haka labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, darajarsa tana cikin bayanin girki da aure da ƙawance da zaman tsakar gida, abubuwan da littattafan sarauta suka tsallake. Galibi dai manyan birane ne suka sami marubuta. Garuruwan da ke kan hanya, irin namu, rabonsu kaɗan ne, domin baƙo yakan wuce su yana sauri zuwa Kano ko Daura.

A fagen hoto ma haka ne. Eugène Atget ya ƙare kusan shekara talatin yana bin lungunan tsohon birnin Faris yana ɗaukar ƙofofin shaguna da matakalai da 'yan talla, bai yi suna ba sai bayan rasuwarsa a 1927. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da kyamarar Brownie a 1950, ya duƙufa tun 1968 a kan ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara kusan iri dubu, yawancinsu ta ƙeya, domin ya fahimci kitso abu ne da ake tsefewa bayan mako biyu a manta. Malick Sidibé a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai sun adana rayuwar samarin biranensu bayan samun mulkin kai. Kusa da mu, Fati Abubakar ta fara a 2015 ɗaukar rayuwar yau da kullum a Maiduguri, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da toka. Sani Maikatanga na Kano kuma hoton da ya ɗauka na ambaliyar Auyo, a nan jiharmu ta Jigawa, shi ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023. Da yawa daga cikin waɗannan sun zama ƙwararru, amma abin da ya ɗaukaka aikinsu yana hannun kowa, shi ne dogon zama da abu guda da ƙin raina shi.

To, me ke akwai a ƙasar Kazaure da Babura da ya cancanci wannan zama? Masarautar Kazaure da Ɗan Tunku ya kafa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Sarkin Kano Ibrahim Dabo tana da tarihin sarakunanta a rubuce da kuma a bakin maroƙa, ba a jin tsoron ɓacewarsa. Abin da ke gudu shi ne kamannin ƙasar. Tun da aka yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991 garin Kazaure yake faɗaɗa tsakanin duwatsunsa da bakin dam, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ta jawo ɗalibai da gidajen haya da shagunan buga takardu, bulo da kwano suna maye gurbin tubali da azara, zanko da indararo suna raguwa a kan soraye. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, kuma duk inda dogo ya ratsa, gona da burtali da hanyar kasuwa ba sa komawa yadda suke. A 2021 ɗin dai aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, garin da rayuwarsa ke ɗaure da iyakar Nijar. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai har zuwa Maris 2024, kuma kowane rufewa ya bar alama a tasha da kasuwa, a yawan motoci da irin buhunan da ake saukewa. Jarida za ta ba da ranar rufewa da ranar buɗewa. Yadda rumfunan suka kasance a tsakani kuwa, in wani ɗan garin bai ɗauka ba, babu mai ɗauka. Roni da Gwiwa, da yake sun fi nisa da babban titi, sun riƙe abubuwan da suka fara wuya a wasu wurare, irin su rumbun ƙasa da jakin mangala da sussuka a turmi, amma su ma injin niƙa da amalanken shanu da babur da famfon sola suna ta sauya musu fasali.

Bari mu tsaya a kan abu guda mu dube shi da kyau, teburin mai shayi na bakin tasha da sassafe. Ga leda shimfiɗe a kan katako, ga gwangwanayen madara da na Milo an jera su hawa-hawa, ga burodi a leda, ga kiret ɗin ƙwai da katan ɗin Indomie, ga buta ta yi baƙi ƙirin a kan wuta, ga kofunan roba da rariya da dogon cokali, ga ƙwan sola rataye a jikin ƙusa, a gefe kuma an manna 'yar takarda da lambar asusun banki. Mai wucewa ba zai ga komai ba sai shayi. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗauke da kwanan wata. Taliyar nan ba ta kan teburin a ƙuruciyar iyayenmu. Ƙwan sola ya kori fitilar ƙwai, wadda ita ma ta kori aci-bal-bal. Wutar da ke ƙarƙashin butar, in gawayi ce ko risho ko tukunyar gas, tana ba da labarin farashin makamashi a wannan shekara. Takardar asusun kuwa ta yawaita ne tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira mutane suka koma tura kuɗi ta waya ko don kofin shayi. Hoto guda na wannan tebur, in an rubuta ranarsa da wurinsa da farashin kofi, ya fi shafi goma na bayani ga wanda zai zo bayan shekara hamsin, gama gani ya kori ji.

Haka ƙwaryar da ta fashe aka kai wa gyartai, ya huda gefe da gefen tsagar ya ɗinke ta ɗinki ƙanana a jere, ta koma aiki har ta yi santsi da jan launi saboda daɗewa a hannu. Roba ta kusa kashe wannan sana'a, kuma yaran da ke firamare yanzu da yawansu ba su taɓa ganin mai yin ta ba. Jeren ɗakin amarya shi kaɗai tarihi ne: daga ƙorai zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa langa da kwalla da fanteka, daga nan zuwa samira, har zuwa tangaran a cikin kabad na gilashi. Akushi da ƙoshiya, zunguru da gafaka, shantali da buzu, anini mai huda wanda ya daina aiki tun kafin naira ta maye gurbin fam a 1973, duk suna nan a wasu gidaje, ana jiran ranar da za a yi shara a zubar.

Sai mu zo ga hukunci, domin mutumin ƙasar nan ba ya sakin jiki da abin da yake shakkar halaccinsa, kuma daidai ne. Hadisai ingantattu sun zo da tsoratarwa mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita muka gada, sun tsananta haramcin ne a kan surar abu mai rai wadda ke da jiki da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, watau mutum-mutumi, suka sauko da wadda ke shafe a takarda ko ƙyalle zuwa karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Da kyamara ta zo sai aka sami saɓani sabo. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana kafa hujja da cewa hoton kyamara tsare inuwa ne da na'ura, babu ƙaga sura da hannu a cikinsa, saboda haka bai shiga ƙarƙashin hanin ba. Shaihu Ibn Baz na Saudiyya da waɗanda suka bi ra'ayinsa kuwa sun tafi a kan hani sai don larura, irin ta fasfo da katin shaida. Rinjayar da ɗaya a kan ɗaya fagen malamai ne, kowa kuma ya bi wanda ya natsu da iliminsa. Abin da ya shafi bahasinmu shi ne duk wannan saɓani a kan mai rai yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Ashe ke nan wanda ya fi kowa tsantseni ma yana da fili mai faɗi: gini da kasuwa, kayan aiki da kayan girki, dutse da kuka da rijiya, babu malamin da ya hana shi.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen haƙƙin mutane, domin nan ne ake yawan zamewa ba tare da an ji an yi laifi ba. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a Suratun Nur da neman izini kafin shiga gidan wani, ya kuma yi hani a Suratul Hujurat ga binciken asirin mutane. Al'adarmu ta gina zaure domin ya zama iyakar baƙo, har akan rubuta a bakin ƙofa cewa ba a shiga. Kyamara kuwa tana iya tsallake zaure ba tare da ƙafa ta taka shi ba, ta kan katanga, ko ta hannun yaro, ko ta hannun ƙawar amarya, kuma hoton da ya fita ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Hoton matar aure da aka ɗauka tana ɗiban ruwa ba da saninta ba yana iya jawo mata fitinar da mai ɗaukar ba zai taɓa jin labarinta ba. Almajirin da ke riƙe da roba a bakin shago ɗan wani ne, kuma ƙuruciyarsa da yunwarsa ba su zama izini ba. Mafi muni shi ne abin da ya zama ruwan dare a kan titin Kano zuwa Daura da sauran manyan hanyoyi, a yi haɗari mutane su zaro waya kafin su miƙa hannu, iyalan mamaci su fara ganin gawarsa a Facebook kafin a zo musu da ta'aziyya. Wannan keta sutura ne, ko da sashe na 37 na kundin tsarin mulki da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba su ce komai ba. Ladabin abin a bayyane yake: a yi sallama, a gaisa, a ce, “Baba, in ka yarda ina so in ɗauki hoton wannan aiki naka,” a faɗi inda za a kai shi, in an ƙi a haƙura, in an yarda a nuna masa, in da hali a wanko a kawo masa nasa. Shingen jami'an tsaro da ofisoshin kan iyaka kuwa a nisance su sai da izini. A nan ne ɗan gari ya fi baƙo, domin an san gidansu, kuma wannan sanin shi ke buɗe masa ƙofa, shi ke kuma hana shi cin amana.

Akwai masu cewa irin wannan hoto tonon asiri ne, a bar gidajen sama da sababbin tituna a je ana ɗaukar katangar ƙasa da jaki domin a nuna wa duniya talaucinmu. Maganar tana da gefen gaskiya, gama an daɗe ana sayar da hoton Afirka da tsumma da ƙuda. Amma maganin wannan shi ne cika shaida, a ɗauki katangar ƙasa a ɗauki shagon mai POS da ke jingine da ita, a ɗauki jaki a ɗauki ɗalibar da ke wucewa da kwamfuta a jaka in ta yarda, domin haka garin yake. Wanda ya ɓoye rabi don kunya da wanda ya ɓoye ɗaya rabin don neman tausayin baƙi, duka biyu sun tauye shaida. Daga wannan babi ne kuma hukuncin gyaran hoto yake fitowa. Ƙara haske ko rage shi don abin ya fito yadda ido ya gan shi ba laifi. Amma goge turken lantarki don gari ya yi kama da na dā, ko sa wa tsoho kayan da ba nasa ba a ce haka aka same shi, ko haɗa hoto da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a rubuta a ƙasa cewa Kazaure ce a 1960, wannan shaidar zur ce, kuma cutarwarta tana daɗa girma gwargwadon yadda masu iya ƙaryata ta ke ƙarewa.

Game da gwaninta ba sai an tsawaita ba, yawan yi ne ke koyar da ita. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya ya fi na rana tsaka, wanda ke zuba inuwa a kwarmin ido ya kuma ƙone farar riga. Hazon hunturu yana tausasa haske, sai dai ƙurarsa na zama a gilashin kyamara, a riƙa gogewa. In fuska baƙa ce a gaban farin bango sai a taɓa fuskar a jikin allon wayar domin na'urar ta auna haske da ita. Matsawa kusa da ƙafa ya fi jawo abu da yatsa, wanda ke dusashe hoto. Kuma a bar abin a mazauninsa, tulu a gindin randa, fartanya a hannun mai ita, domin mazaunin rabin labarin ne.

Sharaɗin da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ke raba hoton da zai yi amfani da wanda zai zama tarkace, shi ne isnadi. Malaman hadisi ba su karɓi magana don daɗinta ba sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, a ina, kuma yaya kiyayewarsa take. Hoton da ba a san garinsa da shekararsa da mai ɗaukarsa ba haka yake, kuma muna gani kullum yadda hoto guda na tsohuwar kasuwa ke yawo a intanet, yau a ce Kano ce, gobe a ce Katsina, jibi a ce Zinder. Waya tana rubuta rana da sa'a a cikin fayil ɗin hoton, amma WhatsApp da Facebook sukan matse hoton su kuma share wannan bayani, sai fa in an aika shi a matsayin fayil. Saboda haka wajibi ne mai ɗauka ya riƙe na asali, ya kuma rubuta a littafi ko a sunan fayil ɗin: wuri kaza, unguwa kaza, ranar kaza, sunan abin kaza da yadda masu shi ke kiransa, da kuɗinsa in na sayarwa ne. Sa'an nan ya ajiye a wuri biyu aƙalla, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar matsuwa, katin memori yana mutuwa ba sallama, shafin sada zumunta kuma ana iya rufe shi dare ɗaya. Vivian Maier, mai renon yara a Chicago wadda ta ɗauki hotunan titi fiye da 100,000 ba wanda ya sani, an gano aikinta ne a 2007 da aka yi gwanjon kayanta saboda bashin kuɗin ajiya. Abin da ya cece shi shi ne fim abu ne da hannu ke taɓawa. Da a cikin waya mai kulle yake, da ya tafi tare da ita. Don haka zaɓaɓɓun hotuna a wanke su a takarda, a rubuta bayaninsu a baya da fensir. Wanda ya so ya sa nasa a rumbun Wikimedia Commons, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa ke ɗibar hotuna, ya yi aikin alheri, amma ya sani sharaɗin wurin shi ne kowa na iya amfani da hoton, har da ɗan kasuwa, muddin ya ambaci mai shi.

Aiki mafi sauƙi kuma mafi albarka da zan ba mai farawa shi ne ya zaɓi wuri guda, bakin tasha ko ƙofar kasuwa ko inda dogo zai ratsa, ya tsaya a daidai gurbi ɗaya ya ɗauka da rani da damina, shekara bayan shekara, ba tare da ya nemi abin mamaki ba. Amma ajiyar da za ta wuce rayuwar mutum ɗaya sai da hukuma. Kano tana da Gidan Makama, Kaduna tana da Gidan Arewa tun 1970 da kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ya kamata Majalisar Masarautar Kazaure da Kwalejin Hussaini Adamu da jami'ar Babura su keɓe ɗaki da ma'aikaci da na'urar kwafe hoto domin wannan. In an tashi, a fara da tsofaffin masu hoto na garuruwan nan da magadansu, a nemi fina-finan da suka wanke suka ajiye kafin zafi da gara su gama da su, sa'an nan a bi gidaje a ari hotunan gindin akwati a kwafe a mayar wa masu su nan take, a zaunar da dattawa su faɗi sunan kowace fuska da kowane gini da ya leƙo a bayan ango. Wannan ɓangaren ne ya fi gaggawa, domin masu iya faɗin sunayen yawancinsu sun haura saba'in.